Ƙiryar Namadi

A nan Kebbe, idan mutum ya kawo abu bayan an gama bukatarsa, sai ka ji an ce ya yi aikin Namadi, a kwashe da dariya. Yaran da ke faɗin haka ko fuskar Namadi ba su taɓa gani ba. Ni kuwa duk ran da na ji sai raina ya ɓaci, don Namadi ƙanena ne, cikinmu ɗaya, a bayana ya girma. Idan akwai mai ikon zaginsa a garin nan ni ce, kuma na zage shi iya zagi tun yana da rai. Amma ban yarda wanda bai san yadda aka yi ba ya mai da shi abin wasa. Sunana Atu, kuma abin da ake yi wa dariyar yana nan tsaye a ɗakina.

Namadi manomi ne, gero da dawa da ɗan wake a ƙarƙashi. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa kuwa sai ka yi ta jira kamar mai jiran tukunyar wake ta nuna. Karatunsa bai wuce surorin da zai yi salla da su ba. Ya iya gatari don ya sha saran sabuwar gona, ya kuma iya fere ƙotar fartanya in tasa ta karye. Iyakar saninsa da itace ke nan. Hali ɗaya gare shi da ya fi komai ba ni haushi tun yana ƙarami: in ya ce zai yi abu, to ko sama da ƙasa za su haɗu sai ya yi shi yadda ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Mutanen gari suna yaba masa wannan hali, amma su ai ba su zauna gida ɗaya da shi ba.

Matarsa Ummulkulsum 'yar Malam Sambo ce na Tambuwal, gidan karatu tun kaka da kakanni. A lokacin Sarkin Musulmi yana zaune Wurno, hanyar Tambuwal kuwa ba a binta sai an haɗa ayari saboda mahara. Duk da haka kowace kaka Namadi sai ya ɗora dammunan gero a jaki ya kai wa malamin. Ummulkulsum tana gidan ubanta a lokacin, mijinta na fari ya rasu. Ita ta lura da ƙaton da ke sauke gero ya durƙusa ya tafi ba ya jiran godiya, ita ta kuma ce wa ubanta in wannan ya nema a ba shi. Dangi suka yi ta ƙananan maganganu, wai 'yar malamai a gidan manomi. Malam Sambo bai kula su ba. Ran da za ta tare, ya kira shaidu, ya ɗauko gafaka huɗu, jakunkunan fatar nan da ake zuba takardun littafi a ciki, ya miƙa mata da hannunsa. Yawancin abin da ke ciki rubutunsa ne, kuma duk a gabansa ta karance su.

Ba ta yi wata biyu a Kebbe ba matan unguwa suka gano abin da Allah ya kawo musu. Da an yi azahar sai ɗakinta ya cika. Ta sauko da gafaka daga turken da ke jikin bango, ta kwance igiya, ta karkaɗe takardun, ta hure ƙura, ta karanta da Larabci ta juya mana da Hausa. Yau wannan gafaka, gobe waccan, ba wadda ke kwana da yawa ba a taɓa ta ba. Ni da furfurata a wurinta na san ashe shekara da shekaru alwalar da nake yi da gyara. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, don ba ta taɓa yi wa kowa dariya ba. Malama muke ce mata, har shi maigidan haka yake kiranta. In yana dawowa daga gona ya ji muryarta tana karatu, sai ya tsaya bayan zana da fartanya a kafaɗa har ta kai aya. Ya ɗauka ba mai ganinsa.

Shekarar da Malam Sambo ya rasu, da damina, zazzaɓi ya kwantar da Malama. Aka mai da ita ɗakina don in yi jinyarta, nata ɗakin ya zauna a rufe. Da ta tashi ta koma, sai ta tarar gara ta hau bango ta ci igiyar gafaka ɗaya, ta ɗan lasa gefen fatar. Ko harafi guda ba ta taɓa ba. Malama ta kankare bangon, ta sake igiya, magana ta ƙare. To, da ta ƙare ɗin, ba don Allah ya yi mu da masu dogon baki ba. Wata a cikin masu zuwa karatu ta je biki Tambuwal, kafin ta dawo labari ya zama gara ta cinye littattafan Malam Sambo a gidan manomi.

Bayan kaka sai ga Gidaɗo, wan Malama, wanda ya gaji zauren ubansu. Rawaninsa ya fi na uban girma, amma kowa ya san fataucin tufafi ya fi ɗaukar hankalinsa a kan karatu. Ya zauna a zaure kan buzu, Namadi yana ƙasa gefe guda kansa a sunkuye, don wan matar mutum suruki ne, ba a haɗa ido da shi. Malama ta durƙusa a bakin ƙofa ta ciki. Ni kuma ina bayan zana, ba wanda ya kira ni, ba kuma wanda ya isa ya kore ni.

Gidaɗo ya ce, "Na jiya gara ta shiga littattafan Baba."

Malama ta ce, "Igiyar gafaka ɗai tac ci, Yaya. Rubutu na nan lafiya lau, in ɗauko ka gani."

"Yau igiya, gobe mi? Abin da Baba yar rubuta da hannunai, an rataye shi ga bango tare da kuɓewa da barkono. Zan wuce da su Tambuwal in aje su inda ya dace."

"Baba da kainai yab ba ni su, Yaya, gaban shaidu."

"Wa yac ce ba naki na ba? Ajiya nika faɗi."

Ajiya! Na san irin wannan ajiyar. Ina shirin ɗaga murya daga bayan zana sai na ji Namadi ya yi gyaran murya. Ya ce, "Malam, a ba ni zuwa ruwan fari. Ni da hannuna zan yi musu wurin zama, nesa ga bango, nesa ga ƙasa."

Gidaɗo ya dube shi sama da ƙasa, ya yi 'yar dariya ta hanci. "Kai? Mi za ka yi musu? Gadon kara irin wanda manoma ka kwana bisa?" Ya gyara rawani. "To, na jiya. In ruwan fari ya sauka ina tahowa. In na iske su bisa abin kirki, in bar su. In ban iske ba, kada wanda ya ce na yi zalunci."

Ya faɗi maganar kara ya manta da ita kafin ya hau dokinsa. Namadi kuwa ta shige masa har ƙashi, ni na ga yadda kunnuwansa suka yi.

Washegari ya ce za shi wurin Bube masassaƙi ya tambayi itacen da ya kamata. Na yafa zane na bi shi, don ban yarda da shi ba. Muka sami Bube a gindin tsamiya yana fafe turmi. Namadi ya zana masa abin da yake nufi a ƙasa da yatsa: ƙafa huɗu, sanduna a gicciye, katako hawa uku, tsayinsa zuwa ƙirjin mutum. Bube ya duba ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Abin ba wuya. Amma wanda bai taɓa riƙa gizago ba, da icce mai taushi shika farawa. Nemi ɗinya, ko gawo. Gizago na shiga cikinsu kamar wuƙa ga kabewa. Kafin zafi shi shigo ka gama. Ka aza ƙafafun bisa duwatsu, ka riƙa zuba toka kewaye. In ta tsufa ka sake wata, lokacin hannunka ya faɗa."

Namadi ya ce, "Gara na cin su?"

"Gara na cin komi in an ba ta wuri. Shi ya sa nac ce duwatsu da toka. Da ido kuma."

"Wane icce na ba ta ci?"

Bube ya ajiye gizago, ya dube ni, ya dube shi. Na yi masa alama da ido ya yi shiru, amma tsohon nan gaskiya ta yi masa yawa. Ya ce, "Ƙirya. Amma ƙirya ba ta ɗan koyo ba ta. Ni da nig gaji sassaƙa wurin ubana, in zan taɓa ta sai na yi shiri. Tana cin bakin gizago, tana cin mai gizagon."

"Ita nika so."

"To bari ni in yi maka, in ya so ka riƙa kama mani."

"Na ce da hannuna, gaban surukina."

Tun daga gindin tsamiyar nan har ƙofar gida ban rufe bakina ba. Na ce masa wa zai tsaya yana tambayar hannun wa ya sassaƙa? Gidaɗo so yake ya ga littattafai a kan abu, ba so yake ya ƙirga kantar hannunka ba. Na ce ruwan fari ba ya jiran mutum ya koyi sana'a. Na kira shi mai kan dutse, na kira shi abin da ya fi haka. Yana gaba ina baya, ko waiwaye bai yi ba.

Malama ma ta gwada, ita da ba ta iya faɗa ba. Ina zaune ta kawo masa fura ta ce, "Maigida, takarda ba ta san bisa mi aka aza ta ba. Ko na kara na, in dai ya ɗaga su ga ƙasa, ya ishe ni. Ka fara da mai sauƙi, ƙiryar ta biyo baya."

Ya daɗe yana juya ludayi. Sannan ya ce, "Malama, ba a sake yi miki gorin kara ina raye."

Me za ta ce wa mutumin da ke ganin mutuncinta yake karewa? Ni dai na san ba mutuncinta ba ne ke cikin haɗari, littattafanta ne, kuma ya kasa ganin bambancin.

Ya shiga dajin kudu da gari ya nemo wata ƙirya da ta bushe a tsaye. Saranta kaɗai ya ci masa gatari biyu. Ya yanka ta gunduwa-gunduwa, jaki ya ja wasu, wasu shi ya ɗauko a kafaɗa don jakin ya ƙi tashi. Tsakar gidanmu ta cika da jan itace mai nauyin dutse. Katako kuwa sai an tsaga gungume da ƙarfe, a bi shi da gizago kaɗan-kaɗan har ya kwanta. Wanda ya iya, a itace mai taushi, ba wani abu ba ne. Namadi yana kai sara gizago yana tsalle ya dawo masa. Gungume na fari ya tsage a karkace, ya tafi murhu. Na biyu ya yi nisa da shi sai sara ɗaya ya wuce, ya raba shi biyu. Bakin gizago ya yi ta dakushewa, maƙeri har ya gaji da ganinsa. Tafin hannunsa ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Wata rana gizagon ya goce ya same shi a ƙauri, na ɗaure masa da tsumma ina zaginsa, yana cewa ba komai.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Maƙwabta suka fara kai taki gona suna sharar ƙasa, shi yana tsakar gida, ƙwas, ƙwas, daga hantsi har rana ta faɗi. Malama tana karatu da mata a ɗaki, saran yana shigowa tsakanin kalma da kalma. Wani lokaci sai ta tsaya ta saurara, ta dubi gafakan da ke bango, ta ci gaba. Ba na mantawa da wannan kallon.

Gaskiya hannunsa ya fara faɗawa daga baya. Ƙafafu huɗu suka fito sumul, katako biyu suka kwanta. Sai aka zo huda ramukan da sanduna za su shiga, nan ƙirya ta nuna masa ko ita wace ce. Ba abin da ke shigarta sai ƙarfe da aka gasa ya yi ja, a danna, ya ɗan ci, a mai da shi wuta. Rami ɗaya sai ya cinye yini. Hadari ya fara taruwa a gabas da yamma-yamma yana watsewa, kowa yana murna, mu a gidanmu gabanmu yana faɗuwa. Ran da ruwan ya sauka, gari duk ya fita shuka, mu muna tsaye muna kallon tulin itacen da ko tsayuwa ba ya yi.

Da gari ya waye na je rumbu na ɗebo kara mai kyau, na kawo igiyar rama, na zube a gabansa. Na ce, "Tashi. Ɗaure ƙafafun ga da igiya, mu shimfiɗa kara bisa, mu aza katakon da kag gama, mu rufe da sabon zane. Kafin azahar littattafai sun hau. In ya zo ya iske su sama, ba shi da ta cewa."

Ya ce, "Yaya, in ya ɗaga zanen fa?"

"In ya ɗaga sai mi? Sun bar bango ko ba su bari ba?"

"Ba zan nuna mai abin da ba shi nac ce ba."

Wallahi da ina da ƙarfin da nake da shi sa'ad da nake goyonsa, da na kwaɗa masa karan nan a ka. Na ce to ni zan yi. Ya ce in na taɓa masa itace ba zai sake cin tuwon gidan ba, kuma na san zai aikata. Malama ta fito ta kama hannuna ta ce in bari.

Gidaɗo ya zo da ayarin farko bayan ruwan. Ya shiga tsakar gida, ya zagaya tulin itacen, ya sa ƙafa ya taɓa katako ɗaya. Har ya yaba, wai icce mai kyau ne. Sannan ya ce a fito da gafakan. Namadi yana tsaye, ƙato kamar rumbu, hannuwansa duk tabo, kansa a ƙasa. Ko roƙon a ƙara masa lokaci bai yi ba. Alkawari ya yi, bai cika ba, a wurinsa shari'a ta ƙare. Malama ta fito da su da kanta. Ta riƙe ɗaya a ƙirji, ƙaramar, wadda ke da littafin tsarki da salla, ta ce, "Yaya, ko wagga ɗai ka bar mani, da ita nika karantar da mata." Ya ce littattafan Baba ba a raba su, in ma'ajiyar ta tsaya a zo a ɗauka gaba ɗaya. Ni ce na bi shi har ƙofar gida ina faɗa masa abin da ban kamata in faɗa wa mai rawani ba. Ban yi nadama ba har yau.

Matan suka ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Malama tana karantarwa da ka, don ta haddace da yawa. Amma in ta zo wurin da take shakka sai ta tsaya, ta ce ba za ta faɗi abin da ba ta iya dubawa ba, kada ta ɗora wa mutane kuskure a addininsu. Wuraren tsayawa suka yi ta yawa. Masu zuwa suka yi ta raguwa, har ya zama daga ni sai tsofaffi biyu.

Namadi ya yi shuka a makare, gonarsa ta ba da abin da ta ga dama. Bayan kaka ya koma kan ƙirya, kafin zafi ya gama. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi kyau. Ja ne mai duhu, hawa uku, ko girgiza ba ya yi, sai da maza huɗu suka shigar da shi ɗakin Malama. Ta shafa shi da tafin hannu ta yi murmushi, karo na fari tun da aka tafi da gafakan. Namadi ya wanke jakinsa ya bi ayari zuwa Tambuwal.

Ya dawo da jaki ba kaya. Wai Gidaɗo ya ce hanya ba lafiya, a bari ta lafa. Ya koma bayan kaka, aka ce Gidaɗo ya tafi fatauci da makullin inda aka ajiye su. Ya sake komawa, aka ce damina ta kusa, kada ruwa ya taɓa su a hanya. Haka shekaru suka yi ta juyawa, kowace tafiya Namadi ya durƙusa, ya ji uzuri, ya ce to, ya juyo. A wurinsa muka ji inda littattafan suke. Gidaɗo ya sayi sanduƙi wurin fatake, na farin itace mara nauyi, da ado a murfi da kwaɗo na ƙarfe. Ya zuba gafakan, ya kulle, ya lulluɓe da darduma, ya ajiye a ɗakin marigayi, a ƙasa, a lungu. Ba mai buɗewa, wai girmamawa ce. Baƙi in sun zo sai a kai su su shafi murfin su shafa a fuska, don albarkar Malam Sambo. Abin da mutum ya rubuta don a karanta, an mai da shi abin shafawa.

Sai Malama ta kwanta, kwanciyar da kowa ya gane. Wata safiya ta kira maigidan ta ce ba ta neman duka, ƙaramar gafakar nan kawai take so, ta ga rubutun ubanta ko sau ɗaya. Namadi bai jira ayari ba. Abin da ya faru a Tambuwal daga bakin mutanen da ke zauren na ji, don shi bai taɓa ba ni labari ba. Sun ce ya shiga bai durƙusa ba. Gidaɗo ya fara kawo uzuri, Namadi ya dube shi ido cikin ido ya ce ba zai ci ba, ba zai sha ba, ba zai bar zauren ba sai an buɗe, in kuwa makulli ya ɓata ga gatari a hannunsa. Ashe yana da baki. Ashe ya iya. Sai da abu ya lalace sannan ya tuna.

Aka kawo makulli, aka yaye darduma. Sanduƙin daga waje lafiya lau, adonsa ko ƙwarzane babu. Da aka ɗaga murfi sai jar ƙasa, cike har baki. Gara ta shigo ta gindi, ta ci itacen, ta ci fata, ta ci takarda, ta gina gidanta a ciki, ba wanda ya taɓa motsa ta. Gidaɗo ya zauna daɓas yana salati. Namadi ya durƙusa ya sa hannu yana tonawa a hankali, yana tsince 'yan guntayen takarda, wani kamar farce, wani kamar ganyen tsamiya, kowanne da harafi biyu ko uku. Ba a zubar da abin da ke da sunan Allah, don haka ya roƙi ƙwarya, ya zuba su, ya rufe da faifai.

Ina zaune gefen Malama ya shigo da ƙwaryar. Ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa, ba sai an faɗa mata ba. Ta ce a tashe ta zaune. Ta ɗaga faifan, ta ɗauki guntu ɗaya ta kai kusa da ido, ta ce hannun Baba ne. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta mai da shi, ta nuna ma'ajiyar da ke tsaye fanko a gefen ɗaki shekara da shekaru, ta ce ya aza a can, hawan sama. Ya aza. Ƙwarya ɗaya a kan abin da maza huɗu suka ɗauka da ƙyar.

Ta ce, "Iccen ya yi kyau, Maigida. Allah shi saka maka." Ta numfasa. "Da na kara kay yi mani, da yanzu ina karatu."

Ba da faɗa ta faɗa ba, ita ba ta iya faɗa ba. Na fi so a ce ta zage shi irin nawa, da ya fi masa sauƙi. Ya juya ya fita.

Ba ta kai jumma'a ba. Namadi ya rayu bayanta shekaru masu dama, yana noma, yana kai wa mabukata gero kamar yadda yake kai wa Malam Sambo a da, maganarsa ta ƙara raguwa. Mutane sun zo daga Sanyinna har da Dogon Daji suna son ya yi musu irin ma'ajiyar, ya ce bai iya ba. Gizagon ya ba Bube. Ko ƙotar fartanya in ta karye sai ya saya.

Da ya rasu aka rasa mai ɗaukar abin, na ce a kawo ɗakina. Gara ta ci ƙyauren ɗakin nan, ta ci tabarmata, ta ci ƙafar kujerata. Ƙiryar Namadi ko lasa ba ta yi ba, Bube bai yi ƙarya ba. Ƙwaryar tana hawan sama inda ya aza ta. Kowace azahar nakan sauko da ita, in ɗaga faifan, in karkaɗe guntayen in hure ƙura yadda na ga Malama tana yi, ko da yake ban iya karanta ko ɗaya ba.